Daga ɗakin gashi zuwa layin masu hawan jini

Ciwon shawara ne mafarin abin. Na haifi Abba a ƙarshen 2019, cikin tsananin sanyin Jos, a wani ƙaramin asibiti kusa da gidanmu a Anguwar Rogo, aka sallame mu a ranar saboda daga ni har shi lafiya lau muke. Duk wanda ya san ɗakin mai jego a hunturu ya san yadda yake: taga a rufe, labule a sake, garwashi a kasko, jariri an naɗe shi da zannuwa ba a ganin komai sai hanci. A irin wannan ɗaki da wuya a lura idon yaro ya koma ruwan ɗorawa. Da aka lura, manya suka ce a riƙa fito da shi yana shan hantsi, a ɗiga masa ruwan gulukos. Kafin suna ya daina kama nono, kukansa ya koma siriri mai tsini, yana gantsarewa. A asibitin koyarwa da ke Lamingo aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, idanunsa a rufe, sannan aka yi masa canjin jini. Muna can aka yanka ragon sunansa.

Ranar sallama likita ya ce mu riƙa kawo shi ana dubawa, domin shawarar ta hau sosai kafin mu iso. Sai ga kullen korona na 2020, fita ta yi wuya, asibiti ya zama wurin da kowa ke gudu. Yaro kuma yana shan nono, yana ƙiba.

Gidanmu gidan yawa ne. Facalata wata ɗaya muka haihu da ita, saboda haka kullum akwai ma'auni a tsakar gida. Ɗanta wuyansa ya tsaya, ya zauna, ya fara rarrafe yana kifar da kwanukan mutane. Abba kuwa in na ɗaga shi kansa sai ya langaɓe, hannuwansa suna murɗewa ba da sonsa ba, in an buga ƙofa ba ya waiwaye. A watannin nan ba wanda ya ce mini uffan, kuma shirun ne ya fi ci na. Mace za ta ɗauki ɗan facalata ta yi masa rawa da waƙa, in ta zo kan nawa ta ce “Allah ya raya” ta wuce.

Hajiya, uwar mijina, ba ta wasa da lamarinsa, don sunan marigayi mijinta ya ci. Ita ta fara kawo rubutu, daga nan aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi da man shafawa iri-iri. Addu'a da tofi har gobe ban bar su ba. Amma wata tsohuwa cikin dangi ta zo daga ƙauye, ta ƙare masa kallo, ta ja Hajiya gefe ta ce wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi a ajiye a juya baya, zai koma inda ya fito. A bakin yaran gida na tsinci maganar. Maigidana mutum ne marar yawan magana, amma ranar har sashen Hajiya ya taka, ya durƙusa ya ce, “Hajiya, ki gaya mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma don Allah kada ta ƙara shigar mini ɗaki.”

Tsohuwar ta koma ƙauyensu, maganarta ta zauna tare da ni. Daga ranar ban ƙara yarda na bar Abba da kowa ba. Ko wanka zan shiga sai na sa yayarsa ta zauna a kansa, ina ciki kunnena na waje.

Ya kusa shekara muka koma asibiti. Sai da muka fara ganin likitan yara na kowa da kowa, shi ya rubuta mana takarda zuwa wurin masu duba ƙwaƙwalwar yara, su kuma ba kullum suke zama ba, suna da ranarsu. Ana idar da sallar asuba za ki fito, ki tari keke, ki miƙa kati, a nemo fayil, ki zauna a benci har a kira ki. Likitar da ta gan mu ta ɗauki lokaci a kansa. Ta kwantar da shi ta jawo hannuwansa ta ga yadda kai ke biyowa, ta lanƙwasa ƙafafu ta miƙe, ta kaɗa ƙararrawa a bayan kunnensa, ta yi ta tambayata labarin haihuwa da na shawara. Sannan ta yi mana bayani da Hausarta ta 'yan Filato. Ta ce shawara wani sinadari ne da ake kira bilirubin, yana fitowa ne idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, hantar jariri kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. In ya taru da yawa sai ya ratsa ƙwaƙwalwa, ya taɓa sashen da ke sarrafa motsi da jijiyar ji. Hantsi da gulukos ba sa saukar da shawarar da ta yi ƙarfi. Abin da ya taɓu ba ya ƙaruwa, ba ya kuma komawa yadda yake. A fayil ta rubuta CP, wato lalurar motsin jiki da taɓuwar ƙwaƙwalwa ke jawowa, sunan da na ji kowace uwa a bencin tana faɗa daga baya.

Na ce, “Likita, ba ya warkewa ke nan?”

Ta ce, “Maman Abba, ba mu da maganin da zai mayar da shi. Amma yawancin yaran da shawara ta taɓa, hankalinsu na nan, jikin ne ba ya bin umarninsu. Akwai aiki da yawa a gabanmu.”

Gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin wani sinadari da suke kira G6PD. Masu wannan, abubuwa irin su kafur da muke sa wa a akwatin kayan jarirai suna iya farfasa musu jini. An fi samunsa ga 'ya'ya maza, kuma ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa. Wannan jimla ta ƙarshe ita kaɗai na ji. Muna cikin keke a hanyar gida, mun wuce Terminus, maigidana ya sunkuyo ya ce, “Maman Abba, maganar gadon nan ta tsaya tsakanina da ke. Ko Hajiya ba sai ta ji ba.” Abin da muka faɗa a gida shi ne a fitar da kafur daga kayan jarirai, kuma duk jaririn da idonsa ya canza a kai shi asibiti a ranar. Jarirai biyu aka kai daga gidanmu tun daga lokacin, duka fitila kawai suka sha suka dawo.

Gwajin ji ya nuna yana ji amma ba sosai ba. Daga nan aka tura mu ɗakin gashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, kuma can ne rayuwata ta koma. Mai gashin ya nuna mini tun farko cewa abin da zai yi masa a ɗan lokacin da muke da shi ba komai ba ne, aikin na gida ne. Ya koya mini yadda zan miƙar da gwiwa da agara a hankali kada jijiyoyi su ƙage, yadda zan kifa shi a kan naɗaɗɗen bargo don ya koyi ɗaga kai, yadda zan zaunar da shi a kusurwar ɗaki da matasai, yadda zan tallafe haɓarsa in zan ba shi kunu don kada ya ƙware. Safe da rana da dare. Lokacin sanyi jikinsa ya fi sandarewa, sai na gasa tawul na ɗumama shi kafin mu fara, yana kuka ina ƙirgawa.

Yana cikin shekara ta biyu jijjiga ta fara. Aka manna masa wayoyi a ka aka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwa, aka ce farfaɗiya ce, wadda takan zo tare da irin lalurarsa. Aka ɗora shi kan magani safe da dare, da gargaɗin kada a kuskura a yanke shi farat ɗaya. A watan Agusta na 2021 aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa, kwalbar maganin saura kaɗan. Mutane na lissafin shinkafa da gawayi, ni ina ɗaga kwalba a hasken taga ina auna abin da ya rage. Wata maƙwabciyarmu nas, da yake su ana barinsu su wuce, ita ta karɓi takardar ta sayo mana. Tun daga nan ba na bari magani ya sauka ƙasa da rabi, ko da za a fasa cefane.

Abin da ba a rubuta a fayil ɗin Abba ba shi ne yadda kwana ke wucewa. Ciyar da shi sau ɗaya kan ci kusan awa guda, rabin abincin a zani. Cikinsa kan ɗaure. Barcinsa guntu-guntu ne, kuma ba ya iya juyawa da kansa, sai na tashi na juya shi. Ko ya yi barci ni ba na yi, saboda ina sauraren numfashinsa ko jijjiga za ta zo. Yana girma nauyinsa na ƙaruwa, ni kuma goyo bai ƙare ba. Yaron da sa'o'insa ke zuwa Islamiyya da ƙafarsu, ni a bayana yake daga ɗaki zuwa bakin titi, ta lungunan Anguwar Rogo masu duwatsu da kwata. Ƙuguna ya fara ciwo, sannan wuya, sannan ciwon kai na ɓari ɗaya da ba ya jin farasitamol. Ɗinkin da nake yi na ajiye, keken ya yi ƙura. Biki da suna na daina zuwa, don in na tafi da shi kallo, in na bar shi fargaba. Da farko ana aiko mini da goron gayyata, daga baya aka daina, ban kuma ga laifinsu ba.

Mantuwa ta kama ni. Sai in ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba. Faɗa kuma ya yi mini yawa, wadda ta fi shan sa ita ce babbar 'yata, yarinyar da ba ta kai goma ba amma ta iya sa wa ƙaninta famfas da auna magani. Malamarsu ce ta aiko a tambaya ko lafiya take yawan gyangyaɗi a aji.

Mutane ba su rage ni da komai ba wajen “sannu” da “ki yi haƙuri, aljannarki ce.” Na yarda da haka, ina kuma fatan Allah ya sa. Sai dai duk mai ce mini in yi haƙuri, da ta ce “kawo shi nan, je ki kwanta,” da ta fi taimakona. Akwai kuma abin da mace ba ta isa ta faɗa ba a gidan miji: cewa ta gaji. In kin faɗa, kamar kin ƙi ƙaddara ne, ko kin ƙi ɗanki.

Shi ma maigidan yana shan tasa, a ɓoye. Kayan gwari yake saya a Farin Gada, tumatir da kabeji da karas, yana lodi zuwa kudu. Ya fara daɗewa a waje, in ya dawo ba ya iya cin abinci. Facaloli suka fara raɗe-raɗin aure zai ƙara, kuma ba abin mamaki ba ne, don a bencin ɗakin gashi na zauna da matan da aka saka saboda irin wannan yaro, da waɗanda miji ya yi amarya ya tare can. Ashe shi filinsa ya sayar, ragowar kuɗin asibitin kuma bashi yake ci yana biya, ga gyambon ciki ya kama shi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin keke zuwa Lamingo ya zama abin da sai an zauna an yi shawara. Mu ba ma iya shiga keken haɗaka, sai shata, saboda yadda Abba ke miƙewa. Muka rage zuwa gashi. Mu mata muna da benci, muna da waɗanda za mu yi wa kuka. Shi a majalisarsu ba ya ko ambaton yaron.

A ɗakin gashin ne jiri ya ɗebe ni wata rana ina kwance goyo. Wata nas ta zaunar da ni ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa, ta ce, “Maman Abba, yaushe rabonki da barci?” Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce jinina ya hau, kuma ba za ta bar ni in tafi ba sai na ga likita. Matar da ke kusa da ni, wata Kirista daga Anguwar Rukuba da 'yarta ke da irin lalurar Abba, ta karɓe shi ta ce, “Je ki, 'yar'uwa, ina nan.” Rabona da barin shi a hannun wanda ba jinina ba tun maganar tsohuwar nan.

Haka aka buɗe mini nawa katin. Aka auna jini da fitsari, aka ɗora ni kan maganin hawan jini, aka ce in rage gishiri da magi. Likitan ya yi mini wasu tambayoyi da ban zata ba: ko ina jin daɗin abin da na saba jin daɗinsa, ko ina kuka ba dalili, ko na taɓa jin gara a ce ba na duniya. Na amsa masa gaskiya. Ya ce yana so in ga likitan damuwa. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Ya ce ya sani, shi ya sa yake so in je tun yanzu. Sai da na yi shawara da Innata, ita da nake tsammanin za ta hana, ta ce, “Ke dai je ki. In kin faɗi wa zai ɗauke shi?”

Likitar damuwar ba ta fara da magani ba. Ta sa na lissafa mata yadda nake kwana da yadda nake wuni, tana rubutawa, sannan ta juyo da takardar ta nuna mini: babu awa ɗaya a ciki da wani ke karɓata. Ta ce a abin da suke gani, ba girman lalurar yaro kaɗai ke kayar da iyaye ba. Rashin barci, rashin mai karɓa, da matsin kuɗi su ne kan gaba. Ta nemi in zo da maigida. Ya zo yana ta noƙewa, ya zauna a bakin kujera, amma da ta tambaye shi nasa barcin sai ga shi yana magana har na riƙa kallonsa. Daga baya ta ba ni magani na wasu watanni, ta gaya mini ba ya aiki nan take sai an yi makonni, kuma haka aka yi.

Canjin da aka samu a gida ba wani babba ba ne a ido. Gashin dare ya koma hannun babansa, bayan isha'i, kuma ya fi ni iyawa saboda hannunsa ya fi ƙarfi, ba ya kuma tsayawa don yaro ya yi kuka. Dare biyu a mako shi ke kwana kusa da shi, ni in koma ɗakin yara in rufe ƙofa. Hajiya da kanta ta ce a riƙa kai mata “mai sunan Malam” ranar Juma'a daga hantsi zuwa la'asar, sai da na koya mata yadda ake tallafe haɓarsa. Ranar farko ban iya zuwa ko'ina ba, na zauna a ɗaki ina jiran a kira ni. Yanzu ranar nake ɗinki. Yayarsa kuma an sauke mata auna magani.

Mai gashin ya zana mana wata kujera a takarda, mai jingina da madauri da ɗan tebur a gaba, muka kai wa kafinta a kasuwar Katako ya ƙera, aka sa soso aka rufe da leda. Samun wurin da zai zauna da kansa ya sauke mini goyon cikin gida gaba ɗaya. A kujerar ne muka gane yana zaɓe: in an ɗaga masa kofi biyu, idonsa na tsayawa a kan wanda yake so, in an ba shi ɗayan ya ɓata rai.

Matan benci kuma mun haɗa zaure a WhatsApp. Akwai 'yan Gangare da Rikkos, akwai 'yan Tudun Wada da Anguwar Rukuba, unguwannin da in gari ya rikice ba mai shiga na wani, da Hausa muke magana dukanmu. Nan ake sanar da inda magani ya fi sauƙi, da wanda ke da takalmin gyaran ƙafa da ya yi wa ɗansa kaɗan, nan ake yin kuka da ƙarfe biyun dare a sami mai amsawa. Muna adashi.

Makaranta ce har yanzu ba mu warware ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce suna da haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, an kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Filato ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: akwai makarantar makafi a Gindiri tun 1953, akwai ta kurame a Bassa, Jami'ar Jos kuma tana da sashen horar da malaman ilimi na musamman. Amma Abba ba makaho ba ne, ba kuma kurma ba ne sosai, yaro ne da ke buƙatar mai zaunar da shi da mai kai shi bayi. Makarantun kuɗi na kusa da mu da na zaga, wata ta ce ba ta da mai kula da shi, wata shugabar ta gaya mini a fili cewa iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Masu karɓar irinsu kuma sun yi mana nisa, kuɗin keke kaɗai ya fi kuɗin makarantar yayarsa. Abin da muka iya shi ne wata malama da ta karanta fannin a jami'ar, tana zuwa gida sau biyu a mako da allon hotuna da haruffa, mu da wata maƙwabciya mai irin yaron muna haɗa kuɗinta.

Nauyinsa yanzu ya fi ƙarfin bayana, likitan ƙashi ya ce in daina goyonsa in ba so nake in kwanta ba. Keken guragu na yara mai madaurin kai da ƙirji muke nema, na kasuwa na manya ne, zamewa yake a ciki. Kwasata a adashi bayan babbar salla ce, babansa zai cika sauran, ya kuma riga ya yi magana da magini a faɗaɗa ƙofar zaure a zuba siminti a kan matakalar.